Ken Saro-Wiwa: Tsohon kantoman Bonny da rikicin bututun mai ya kai shi ga igiyar rataya

A ranar 28 ga Maris, 2023, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ƙaddamar da haƙar rijiyar Ebenyi-A a Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa, wadda ke maƙwabtaka da Lafiya. Watanni huɗu kafin nan an yi irin wannan biki a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Jama'a sun yi murna, domin an daɗe ana jiran ranar da za a ce Arewa ma tana da nata man. Sai dai ɗanyen mai ba ya zama a bakin rijiya. Dole a shimfiɗa masa bututu zuwa matata ko tashar jirgin ruwa, kuma a ƙasar Lafiya duk inda bututu zai bi, gonar wani ce: ta doya a wajen Agyaragu, ta riɗi a wajen Doma, ko fadamar da ke ciyar da injinan casar shinkafa na cikin gari.

Akwai ɗan Najeriya da ya san wannan al'amari ta fuska biyu, domin ya zauna a kujerar gwamnati ya sa hannu a takardu, daga baya kuma ya tsaya tare da manoman da bututu ya ratsa gonakinsu. Shi ne Kenule Beeson Saro-Wiwa, wanda aka rataye a kurkukun Fatakwal a ranar 10 ga Nuwamba, 1995.

Haihuwa da tasowa

An haifi Saro-Wiwa a garin Bori da ke ƙasar Ogoni, a Jihar Ribas ta yau, ranar 10 ga Oktoba, 1941. Mahaifinsa, Jim Wiwa, ya yi aikin gandun daji, kuma asalin gidansu ƙauyen Bane ne. Ƙasar Ogoni ƙarama ce, faɗinta bai wuce kimanin murabba'in kilomita 1,000 ba, amma cike take da jama'a. A yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Eleme da Gokana da Khana da Tai. Mutanenta manoman doya da rogo ne, da masu kamun kifi a rafukan da ke gangarawa zuwa teku.

Ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia a 1954, daga nan ya wuce Jami'ar Ibadan inda ya karanta Turanci, ya kammala a 1965. Yana makarantar sakandare aka gano mai a Oloibiri a 1956, ba da jimawa ba kuma kamfanin Shell-BP ya same shi a Bomu da Ebubu cikin ƙasar Ogoni. Najeriya ta fara fitar da ɗanyen mai a 1958. Kafin saurayin ya gama jami'a, bututu sun riga sun ratsa ƙauyukan da ya taso a cikinsu, wasu a saman ƙasa, gab da gidaje da hanyoyin zuwa gona, suna nufin tashar lodi ta Bonny.

Ma'aikacin gwamnati

Yaƙin basasa ya tarar da shi yana koyarwa a Jami'ar Nsukka. Ƙasar Ogoni na cikin yankin da aka ayyana a matsayin Biyafara, amma shi bai yarda ƙananan ƙabilu za su sami adalci a cikinta ba. A 1967 ya tsere ta kwalekwale zuwa ɓangaren da ke hannun sojojin tarayya. Gwamnati ta naɗa shi kantoman Bonny yana da shekara 26, wato garin da duk man yankin ke taruwa kafin a loda shi a jirage. Daga baya ya zama kwamishina a sabuwar Jihar Ribas ƙarƙashin gwamnan soja Alfred Diete-Spiff, ya riƙe ma'aikatu da suka haɗa da ta ilimi.

A shekarun da yake cikin gwamnati ne aka fara kafa dokokin da daga baya zai yi yaƙi da su. Dokar soja ta man fetur ta 1969 ta mayar da mallakar duk man da ke ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya. Kason da ake mayarwa yankin da aka samo arziki, wanda tsarin mulkin 1963 ya tsayar a kashi 50 cikin ɗari, ya fara raguwa: 45 a 1970, 20 a 1975, har ya sauko kashi ɗaya da rabi a 1982. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuwa ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. Ma'anar haka ga manomi ita ce, idan aka karɓi gonarsa don aikin mai, abin da za a biya shi shi ne kuɗin amfanin gona da itatuwa da ginin da ke kanta. Ita ƙasar da za ta ciyar da 'ya'ya da jikoki ba ta shiga lissafi.

A watan Yulin 1970, yana kwamishina, wata rijiya ta yi bindiga a filin mai na Bomu, kusa da Kegbara Dere. Mai ya yi makonni yana feshi a kan gonaki da rafuka. A 1973 aka sallame shi daga muƙami, saboda yadda yake matsa lamba kan haƙƙin mutanen Ogoni.

Ɗan kasuwa, marubuci

Bayan barin gwamnati ya kama kasuwanci a Fatakwal, ya buɗe kantin kayan masarufi, ya shiga harkar gidaje, ya kuma yi arziki. A 1977 ya nemi kujerar majalisar tsara tsarin mulki, ya sha kaye da ƙuri'a kaɗan a hannun Edward Kobani, mutumin da hanyarsu za ta sake haɗuwa da mummunan ƙarshe.

Da ya sami abin hannu sai ya koma ga alƙalami. Ya kafa kamfanin ɗab'i na Saros, ya fitar da littafin Sozaboy a 1985, labarin wani saurayi da ya shiga soja bai san abin da ake yaƙi a kai ba. A wannan tsakanin ne kuma aka fara nuna wasansa na talabijin, Basi and Company, wanda ke zolayar masu neman kuɗi dare ɗaya. Miliyoyin mutane sun kalle shi har zuwa 1990. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta naɗa shi darakta a hukumar wayar da kai ta MAMSER, bai daɗe ba ya ajiye aikin. A 1989 ya wallafa On a Darkling Plain, tarihin yaƙin basasa kamar yadda ɗan ƙaramar ƙabila ya gan shi.

Takardar haƙƙin Ogoni

A 1990 sarakuna da dattawan Ogoni suka sa hannu a wata takardar neman haƙƙi da Saro-Wiwa ya taka babbar rawa wajen rubutawa, aka miƙa ta ga gwamnatin tarayya. Takardar ta nemi mutanen Ogoni su riƙa gudanar da al'amuransu a cikin Najeriya, a ba su kaso mai ma'ana daga arzikin ƙasarsu, a kuma ba su ikon kare muhallinsu. Daga nan aka kafa ƙungiyar MOSOP. Dokta Garrick Leton ne shugabanta na farko, Saro-Wiwa kuma kakakinta.

Hujjar da ya gina gwagwarmayarsa a kai ta tattalin arziki ce kafin komai. Idan mai ya malala a gona, yana toshe ƙofofin da iska da ruwa ke bi a cikin ƙasa, sai doya da rogo su ruɓe, filin kuma ya yi shekaru bai ba da amfani ba. Idan ya shiga rafi, yana kashe itatuwan bakin ruwa waɗanda a cikin saiwoyinsu kifi da jatan lande ke hayayyafa. Masunci ya rasa kamu, matar da ke banda kifi ta rasa jari, mai kwalekwale ya rasa fasinja, kasuwar ƙauye ta mutu. Aikin mai kuwa ba ya ɗaukar mutane da yawa, don haka wanda ya rasa gona ba ya samun madadi a kamfani. Ga kuma iskar gas da ake ƙonawa dare da rana kusa da gidaje.

Da ya ga Dodon Barikin Legas bai amsa takardar ba, sai ya kai ƙara waje. A watan Yulin 1992 ya yi jawabi a gaban wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan asalin ƙasa a birnin Janiba. A ƙarshen shekarar MOSOP ta aika wa Shell da Chevron da NNPC wa'adin kwana 30 su biya dala biliyan 6 na haƙƙin ƙasa da dala biliyan 4 na diyyar ɓarna. A ranar 4 ga Janairu, 1993, mutanen Ogoni kimanin 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, aka tashi lafiya ba a zubar da jini ba.

Bututun Biara

Abin da ya juya al'amarin daga takarda zuwa jini, bututu ne. A ƙarshen Afrilun 1993, kamfanin Willbros na Amurka, wanda Shell ya bai wa kwangilar shimfiɗa sabon bututu, ya shigar da katafila gonakin ƙauyen Biara da rakiyar sojoji, a lokacin da shuka ke tsaye. Manoma suka fito suka tare aikin. A ranar 30 ga Afrilu sojoji suka buɗe wuta, mutane da dama suka ji rauni, wata manomiya ta rasa hannunta. Bayan 'yan kwanaki aka harbe wani mutum har lahira a Nonwa. A shekarar ce Shell ya janye ma'aikatansa, aka daina haƙo mai a ƙasar Ogoni.

Ita kanta MOSOP ba ta tsira daga rabuwar kai ba. Saro-Wiwa da matasa suka dage a ƙaurace wa zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, 1993. Leton da Kobani suka ƙi, suka ajiye muƙamansu, Saro-Wiwa ya zama shugaba. Dattawan da suka ja baya sun zarge shi da cewa ya saki reshen matasa yana tsoratar da duk wanda ya saɓa masa, matasan kuma suna kallon dattawan a matsayin 'yan koren gwamnati. An kama shi ranar 21 ga Yuni aka tsare shi wata ɗaya da kwana ɗaya, adadin da ya zama sunan littafin da ya rubuta kan tsarewar. A watannin da suka biyo baya aka kai hare-hare kan ƙauyukan Ogoni, ɗaruruwan mutane suka mutu. Gwamnati ta ce faɗan ƙabilanci ne da maƙwabtansu Andoni, MOSOP kuma ta ce da hannun jami'an tsaro a ciki. Bayan Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993, aka kafa wata rundunar tsaro ta musamman a Jihar Ribas ƙarƙashin Manjo Paul Okuntimo.

Giokoo da kotun musamman

A ranar 21 ga Mayu, 1994, wasu fusatattun matasa suka afka wa wani taro a Giokoo cikin Gokana, suka kashe manyan Ogoni huɗu: Edward Kobani da Albert Badey da Samuel Orage da Theophilus Orage. Saro-Wiwa ba ya wurin, domin a ranar jami'an tsaro sun tare shi a hanya sun mayar da shi. Duk da haka aka kama shi, aka tuhume shi da tunzura kisan. Sojoji suka mamaye ƙauyuka, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje.

An gurfanar da shi a farkon 1995 gaban wata kotun musamman mai mutum uku ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, da hafsan soja ɗaya a cikinta, ba kuma damar ɗaukaka ƙara. Biyu daga cikin shaidun gwamnati sun rubuta takardar rantsuwa cewa an ba su cin hanci don su yi shaidar zur. Lauyoyin da ke kare shi, ƙarƙashin Gani Fawehinmi, suka janye suna cewa an riga an yanke hukunci kafin a gama sauraro. Yana tsare aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 1994 da ta Goldman a 1995.

A ƙarshen Oktoba kotun ta yanke wa mutum tara hukuncin kisa, ta sallami mataimakinsa Ledum Mitee. Majalisar mulkin soja ta tabbatar da hukuncin ranar 8 ga Nuwamba. Bayan kwana biyu aka rataye Saro-Wiwa yana da shekara 54, tare da Barinem Kiobel da John Kpuinen da Baribor Bera da Saturday Dobee da Nordu Eawo da Daniel Gbooko da Paul Levera da Felix Nuate. A lokacin shugabannin ƙasashe renon Ingila suna taro a Auckland. Nelson Mandela na cikin waɗanda suka matsa, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar, ba ta koma ba sai 1999. Ƙasashe da dama suka janye jakadunsu, jami'an diflomasiyyar Najeriya suka yi shekaru suna amsa tambaya a kan safiya guda a kurkukun Fatakwal.

An rufe rijiyoyi, bututu ya zauna

Tun 1993 ba a sake haƙo mai a Ogoni ba, amma babban bututun Trans-Niger ya ci gaba da ratsa ƙasar, yana ɗauke da man wasu yankuna zuwa Bonny. A 2008, shekara 15 bayan rufe rijiyoyin, bututun ya fashe sau biyu a Bodo, kowane karo mai ya yi makonni yana kwarara cikin rafuka. Shell ya amince da alhakin waɗannan biyun a 2011, sai a Janairun 2015 aka daidaita a shari'ar da aka shigar a Landan, ya biya fam miliyan 55. Masunta kimanin 15,600 suka raba miliyan 35, kowa ya tashi da kusan fam 2,200 a madadin sana'ar da ya gada. Kafin nan, a 2009, kamfanin ya biya dala miliyan 15.5 a wata shari'a da iyalan Saro-Wiwa da wasu suka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba.

A watan Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da gwamnatin tarayya ta nemi ta yi. A wurare da dama ta tarar mai ya nutse ƙasa har zurfin mita biyar. A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun NNPC, ta tarar da man da aka tace mai kaurin santimita takwas yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a ruwan rijiyoyin sha ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar ware dala biliyan ɗaya don shekaru biyar na farko. Sai a Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin a Bodo.

Shell ya daɗe yana cewa yawancin malalar mai a Neja-Delta daga ɓarayi da masu fasa bututu take, kuma satar mai da matatun daji sun ƙara ɓarnar, kamar yadda rahoton kansa ya nuna. Muhimmancin wannan muhawara yana cikin dokar bututun mai ta 1956, wadda har yanzu ake aiki da ita. Dokar ta wajabta wa mai lasisi biyan diyya idan bututu ya fashe ko ya yi yoyo, sai fa idan ɓarnar ta faru ta hanyar mugun aikin wani na daban. Saboda haka layi guda a takardar binciken haɗin gwiwa, inda ake rubuta ko tsatsa ce ko zagon ƙasa, shi ke yanke ko ƙauye zai sami diyya ko zai tashi hannu rabbana. Jami'in gwamnati yana cikin masu sa hannu a wannan takarda.

Abin da ya bari

Wasu daga cikin abubuwan da ya nema sun shiga doka bayan ransa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗaga kason yankunan da ake haƙo arziki zuwa aƙalla kashi 13 cikin ɗari. An kafa hukumar raya Neja-Delta a 2000, da hukumar NOSDRA mai bin diddigin malalar mai a 2006. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta tilasta wa kamfanoni zuba kashi uku cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu, amma ta ce idan aka lalata kayan aiki ta hanyar zagon ƙasa, daga kason al'ummar za a cire kuɗin gyara. Dokar ce kuma ta ware kashi 30 cikin ɗari na wani ɓangaren ribar NNPC don neman mai a sababbin yankuna irin kwarin Binuwai, inda Obi take. A ranar 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya yi wa mutum taran afuwa, ya kuma bai wa Saro-Wiwa lambar girma ta CON. Masu goyon bayansa suka ce afuwa ta mai laifi ce, abin da suke nema shi ne a wanke shi. Iyalan dattawa huɗun da aka kashe a Giokoo kuwa har yau suna ɗauke da nasu ciwon.

Bututu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da kewayenta. An shimfiɗa na ɗanyen mai zuwa matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, na iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano yana da tsawon kilomita 614, wanda Nijar ta shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin kuwa ya kusa kilomita 2,000, kuma 'yan tawaye sun kai masa hari a 2024. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abubuwan da suka kai ga harbin Biara da malalar Bodo duk sun fara ne a kan tebur: ta ina bututu zai bi, a wane wata katafila za ta shiga gona, nawa ake ƙiyasta kunyar doya, wa ya auna ruwan rijiyoyin gari kafin a fara aiki, bayan shekara nawa za a sauya ƙarfen da ya tsufa. Idan rana ta zo da za a ja layi a taswira daga Obi, ya bi ta fadamun shinkafar Lafiya ko ta kusa da maɓuɓɓugan gishirin Keana, a ofisoshin Abuja za a amsa waɗannan tambayoyi, kuma ma'aikata irin kantoman Bonny na 1967 ne za su sa hannu.